Yatsan Roba da Ruwan Malam Sambo

Hayatu bai sayi abin nan da mugun nufi ba, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaide shi. Don Inna ya saya.

Mahaifinsa, Malam Sambo, shekara biyu kafin rasuwarsa ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansu da ke Anka. Ya sa mata sola, ya ɗora tanki bisa ƙarfe don amfanin cikin gida, sannan ya fasa katanga ya fitar da kan famfo biyu waje. Ya ce na waje sadaka ne, duk mai ƙishi ya ɗiba, kada a tambaye shi daga ina ya fito. Famfon wajen nan kai tsaye yake sha daga inji: in inji na aiki ruwa na zuba, in aka kashe ya tsaya nan take. Makunnin injin kuwa Malam ya sa an kafa shi can sama, a ɗan ɗakin da ke bayan zaure inda ake ajiye batura da buhunan gero, don kada hannun yara ya kai. Shi dogo ne, miƙa hannu kawai yake yi.

Da Malam ya rasu, aikin ya dawo kan matarsa, Inna Baraka, wadda ko tana budurwa ba ta kai masa kafaɗa ba. Sai ta kifa tsohon turmi a gindin bango. Kullum ta hau ta kunna da safe, ta hau ta kashe da la'asar sakaliya, ga gwiwoyi sun daɗe da gajiya. An yi an yi da ita ta bar wa masu ƙafa, ta ce ina, sadakar Malam ce, ba ta sakar wa kowa.

To ana nan, Hayatu ya je Gusau wani aikin ofis, don shi ma'aikaci ne a sakatariya, ya biya shagon abokinsa Zayyanu mai sayar da wayoyi. Nan ya ga abin mamaki. Wani ɗan akwatin roba ne fari, bai fi kwalin ashana biyu ba, da danƙo a bayansa. Ka manna shi kusa da makunni, ka taɓa wayarka, sai wani ɗan yatsa ya fito daga cikinsa yana ƙara zuuu, ya danna makunnin, ya koma ciki abinsa. Zayyanu ya ce ba ruwansa da sabis, in dai kana kusa, taku ashirin ko talatin, ko da katanga a tsakani zai ji ka. Hayatu ya tsaya yana kunna fankar shagon yana kashewa har Zayyanu ya ce, "Kai malam, in saye za ka yi ka saya, kada ka ƙona mani fanka."

Huɗu ya kwaso. Ɗaya ya manna wa fankar ɗakinsa, ɗaya wa ƙwan lantarkin zaure. Biyun da suka rage ya kai su ɗakin batura, ya manna ɗaya a saman makunnin inji, mai kunnawa, ɗaya a ƙasa, mai kashewa. Ya kira matarsa Ramlatu ta kira Inna, ya gwada a gabansu. Ɗan yatsa ya fito, zuuu, ƙas, inji ya tashi.

Inna ta ja da baya tana salati. Ba ta dube shi ba, kuma ba wai fushi take ba. Hayatu ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in akwai wanda za ta bi ta kansa. “Mai babur” take ce masa, saboda babur ɗin da yake hawa. Sai ta juya wajen Ramlatu.

"Ki ce ma mai babur Allah shi yi albarka. Gwiwa ta huta."

Ranar Hayatu har ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don daɗi. Ya mirgina turmin ya jingine shi a kusurwa da hannunsa. Wata guda cur abin yana tafiya yadda ake so: ya kunna da safe yana ɗaura igiyar takalmi, ya kashe da yamma yana zaune a ƙofar gida. Fanka da ƙwan zaure kowa a unguwa ya san labarinsu, don duk wanda ya zo sai ya nuna masa. Na inji ne bai faɗa wa kowa a waje ba, ba don wata manufa ba a lokacin, bakinsa ne dai bai kai can ba.

Sai bazara ta kama, rijiyoyin unguwa suka ƙafe. Ga kuma mutanen ƙauyuka da rashin kwanciyar hankali ya koro cikin gari, sun cika kangwaye da shagunan da ba a gama ginawa ba. Duk wanda ya tambayi inda ake samun ruwa, a nuna masa gidan Malam Sambo. Layin da a da bai wuce bokiti biyar ba ya koma jarkoki reras har kwanar masallaci. Hayaniya tun safe. Wannan ta ce an ture mata jarka, waccan ta ce ita ta riga zuwa. Ruwan da ke malala ya mayar da ƙofar gidan taɓo, babur ɗinsa sau biyu yana zamewa da shi da fararen kaya. Abokansa da ke zaman hira a gindin dalbejiyar ƙofar gida suka janye ɗaya bayan ɗaya, suka koma ƙofar wani.

Abin ya ci wa Hayatu rai, kuma ba shi da bakin magana. Wa zai iya buɗe baki a garin nan ya ce wa mai ƙishi ya tafi? Ɗan Malam Sambo kuma? Ai da ya faɗa da safe, kafin azahar labari ya kai kasuwa. A da, ko mutum ya so kashe injin, sai ya tashi a gaban mutane ya shiga zaure, kowa na kallon bayansa, ruwa ya tsaya, ya fito kowa na kallon fuskarsa. Wannan tafiyar ta taku goma ita ce ba mai iya yi. Hayatu bai taɓa lura da haka ba sai ranar da ya gane cewa shi yanzu ba ya bukatar tashi.

Ranar wata Talata ce, ya dawo daga aiki kansa na sara. Wasu mata biyu suna cacar baki a kan famfo. Hannunsa na cikin aljihun riga, wayar na cikin hannun. Bai ma yi shawara da zuciyarsa sosai ba, yatsa ne ya tafi. Famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Ya ɗauka kowa ya gani. Ba wanda ya gani. Matan suka bubbuga kan famfo, suka jira, suka dube shi.

"Ɗan Malam, ruwa ya ɗauke."

"Ikon Allah," in ji shi. "Ya ɗauke kuwa."

Suka kwashi jarkokinsu suka nufi wata rijiya can bayan gari, har suna yi masa sannu. Ƙofar gida ta yi tsit. Ya zauna a gindin dalbejiya ya sha iska, iskar da rabonsa da ita ya fi wata. Kunya ta zo masa, ba a ce ba ta zo ba, amma ya lallashe ta. Ya ce ai injin ma yana son hutu, in ya ƙone wa gari ya waya? Ya ce ai yau ɗaya ce.

Yau ɗaya ta zama kullum. Da zarar ya dawo daga aiki, layi ya dame shi, sai hannu ya shiga aljihu. Har ya ƙware: yakan bari sai yana tsakiyar gaisawa da wani, ko yana kallon wani gefe, sannan ya danna. Kuma da yake ɗan malamai ne, ya kiyaye harshensa daga ƙarya ƙiri-ƙiri, yana ganin wannan wata tsira ce. In an tambaye shi sai ya ɗaga kai ya dubi farantan sola a kan rufi, ya girgiza kai, ya ce kayan zamani sai haƙuri. Mutane da kansu suka ƙirƙiro masa dalili, suka ce batir ne ke sanyi da rana tsaka. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Lokacin Inna tana ɗakinta tana ƙailula, Ramlatu kuwa tankin cikin gida cike yake, ba abin da ya dame ta. In gari ya waye ya kunna, a yi ta sa masa albarka.

A cikin masu zuwa akwai wata tsohuwa, Rakiya, daga wajen Adabka. 'Yar siririya ce, mai saurin magana, ba ta wuce Hayatu ba tare da ta yi wa Malam Sambo addu'a ba, alhali ko ganinsa ba ta taɓa yi ba. 'Yarta ta haihu a kangon da suke zaune, ita ke dafa mata ruwan wankan jego safe da yamma, ga ba mataimaki. Jarka uku take zuwa da su a baro na aro. Duk ranar da Hayatu ya hango ta a layi yakan daure sai ta cika sannan ya danna, yana jin kansa mutumin kirki saboda wannan.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, surukinsa ne ya zo, Alhaji Mu'awiya, mahaifin Ramlatu, babban ɗan kasuwar hatsi a Gummi. Hanya ce ta biyo da shi zai je ta'aziyya gaba, ya ce zai tsaya ya yi azahar ya ga jikoki. Tun da safe Hayatu ya sa aka share ƙofar gida, aka zuba yashi a kan taɓo, aka shimfiɗa babbar darduma a gindin dalbejiya. Alhaji mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, irin masu kaɗe wuri kafin su zauna ko da an share. Hayatu kuwa tun aurensa yake neman ranar da mutumin nan zai dube shi ya ce madalla.

Da farko komai ya tafi daidai. Suka dawo daga masallaci, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu, ga fura a ƙwarya. Hayatu ya kasa haƙuri, ya ciro waya ya ce Alhaji ya dubi ƙwan zaure. Ya danna, ƙwai ya kama. Ya danna, ya mutu. Alhaji ya tashi da kansa ya je ya leƙa ɗan akwatin, ya sa aka sake dannawa yana kallon yatsan na fitowa, ya yi dariya har da tafa hannu.

"Kai, Hayatu! Wanga ai malalaci ya samu bawa."

Suka koma kan darduma. Amma layin ruwa bai san da baƙo ba. Asabar ce, kowa na wanki, jarkoki sun fi na kullum. Yashin da aka zuba ya sha ya ƙoshi, wani siririn ruwa mai laka ya fara gangarowa, a hankali, ya nufo gefen dardumar da takalman Alhaji suke. Alhaji ya dube shi, ya janye takalmansa. Can ya sake janyewa. Hayatu ya ji kamar a fuskarsa lakar take gudana.

Ya duba layi. Rakiya ce a kan famfo, ta cika jarka ɗaya, ta kafa ta biyu. Ya ce a ransa bari ta gama. Ruwan lakar ya taɓa bakin darduma. Hannu ya shiga aljihu.

Famfo ya yi tari ya tsaya.

Layi ya ɗauki salati. Rakiya ta bubbuga kan famfo, ta sa baki ta zuƙa, ba komai. Maimakon ta kwashi kayanta kamar yadda ake yi, sai ta goge hannu a zane ta nufo dalbejiya, ta durƙusa nesa kaɗan ta gaida Alhaji, sannan ta juyo.

"Ɗan Malam, don Allah ka shiga ka duba muna. Ɗiyata tun jiya jikinta da zahi, ban samu na yi mata wankan sahe ba. Jarka guda ba ta kai ni ko'ina."

"Iya, kayan zamani ne, sai haƙuri," in ji Hayatu, ya ɗaga kai wajen rufi kamar yadda ya saba.

Alhaji ma ya ɗaga kai. Ya dubi farantan, ya dubi ranar da ke dukansu kamar za ta fasa su.

"Da wagga rana?" ya ce. "Ni ma ina da sola gida. Yanzu ne ma ya kamata shi yi ƙarhi. Ko dai wani ya taɓa makunnin daga ciki?"

"Ba kowa a wurin, Alhaji."

"To mi ya kashe shi?"

Idon Alhaji na kansa, idon Rakiya na kansa, na layi ma duk sun juyo. Wayar ta yi zafi a tafin hannunsa cikin aljihu. Duk dabarun kauce-kaucen da ya tara na sati uku suka gudu suka bar shi. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Wallahi ban san abin da ke kashe shi ba. Wallahi ba daga gare mu ba ne."

Sau biyu ya rantse, ɗan Malam Sambo, da alwalar azahar a jikinsa. Rakiya ta ce, "A'a, ɗan Malam, mi ya kai ka rantsuwa? Wa ya tuhume ka?" Ta yunƙura za ta tashi.

Sai famfo ya yi tari, ruwa ya ɓarke.

Layi ya kaure da hamdala, Rakiya ta ruga wajen jarkarta. Hayatu ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya ɗauka yatsansa ne ya zame ya taɓa wurin kunnawa. Ya saci kallon wayar ta bakin aljihu, ya ga ba haka ba ne. To ko abin ya fara lalacewa? Da mutumin kirki ne da nan ya tsaya, ya ce Allah ya rufa masa asiri, ya bar ruwa ya zuba. Amma lakar ta riga ta hau darduma, Alhaji ya naɗe ƙafa yana tattare babbar riga. Kuma akwai wani taurin kai da ke kama mutum in ya riga ya yi rantsuwar ƙarya, sai ya ga ai ba abin da ya rage masa da zai yi asara. Ya sake dannawa.

Ruwa ya tsaya. Layi ya yi "ahh". Kafin a ƙirga ashirin ya dawo.

Gumi ya karyo wa Hayatu. Ya danna na uku. Wannan karon ruwan ko tari bai yi ba, ya ci gaba da zuba. Ya danna na huɗu, na biyar. Wayar na nuna masa an danna, famfo na zuba abinsa. Haushi ya turnuƙe shi, ya fara zagin Zayyanu a zuci, shi da kayansa na banza.

"Alhaji, bari in duba abin nan," ya ce, ya miƙe.

"Ai ya gyaru," in ji Alhaji.

"Bari dai in duba."

Ya ratsa zaure da sauri, waya a hannu yanzu ba ɓoyo, yana tafe yana dannawa. Tun kafin ya kai ƙofar ɗakin batura ya ji ƙarar ɗan yatsan, zuuu, zuuu, irin ƙarar abin da ke turawa an hana shi. Ya tura ƙyaure.

Inna ce a kan turmi.

Ta jawo shi daga kusurwa ta kifa, ta hau, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa. Hannunta na hagu na dafe da bango, babban yatsanta na dama na danne da saman makunnin, ta tara duk ƙarfinta a wurin. Kallabinta ya zame, furfura a waje, gumi na bin wuyanta. Ramlatu na durƙushe ta rungume turmin da hannu biyu don kada ya gusa, fuskarta a ƙasa. Dannawarsa ta ƙarshe ba ta gama aiki ba, don haka da idonsa ya ga ɗan yatsan roban ya fito daga akwatin ƙasa ya tura makunnin, ya ga hannun mahaifiyarsa yana rawa tun daga kafaɗa yana tare shi, har abin ya gaji ya koma ciki.

"Inna," ya ce.

Ba ta waiwayo ba. Bango take kallo.

"Ramlatu," ta ce, tana numfashi sama-sama, "yau kwana tara ina ganin abin ga. Na zo ɗibar gero na ga ya hito ya kashe, ba kowa ɗakin. Na ce lalacewa ta. Washegari na zo na zauna, ya kuma. Na ce lalacewa ta. Kullum sai mai babur ya dawo aiki shika lalacewa, ni ko ina ta ba shi uzuri. Yau ina zaure na zo gaida baƙo, na ji rantsuwa da kunnena."

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da Hayatu ya gode mata. Ya ajiye wayar a kan buhun gero, ya ture ta nesa da shi.

"Inna, ki sauko don Allah. Na bari. Ga wayar can, ba zan ƙara ba. Ki sauko kada ki faɗi."

"Ki ce mishi ba ni sauka."

"Inna, wallahi..."

"Ki ce mishi kada shi ƙara rantsuwa gabana."

Ramlatu ta fara kuka ƙasa-ƙasa, ba ta saki turmin ba. Daga waje ana jiyo ƙarar ruwa a cikin jarka, da muryar Rakiya tana ce wa wata ta matso da tata.

"Malam in zai kashe," in ji Inna, har yanzu da bango take magana, "sai ya tashi gaban mutane ya shigo da ƙahwarshi. Shi ya sa bai taɓa kashewa da mutum tsaye ba. Wanga ko ba ni ganin sa'adda shika zuwa. In na saki, mi za ni tsare?"

Hayatu ya matso, ya miƙa hannu ta gefen nata, ya kama akwatin ƙasan. Danƙon ya kama bango gam, Zayyanu bai yi ƙarya ba a nan. Ya sa farce, ya murɗa, ya fizga, abin ya taho da ɓallin siminti. Ya fizge na saman ma. Ya buɗe tafin hannu ya ɗaga su daidai inda za ta gani.

"Ga su, Inna. Na cire. Ba abin da zai ƙara taɓa shi. Ki saki."

Ta dubi akwatunan ta wutsiyar ido. Ta dubi makunnin, ba komai a kusa da shi sai tabo biyu a bango. Yatsanta bai motsa ba.

"Ramlatu, ki tambai mai babur jarka nawa suka rage waje."

Ba yadda zai yi. Ya juya ya fita, abubuwan na hannunsa, ya ma manta da su. Hasken rana ya dake shi a ƙofar zaure. Rakiya ta cika ta uku tana ɗaure bakinta da leda, tana ganinsa ta ɗaga hannu biyu sama.

"Ga shi nan! Shigarka ke nan ruwa ya zauna. Allah shi jiƙan Malam, ya bar baya na ƙwarai. Allah shi ba ka ɗiyan da za su yi maka yadda kaka yi muna!"

Layi ya amsa da amin. Hayatu ya fara ƙirga jarkoki da ido, leɓensa na motsi, ya ɓace a tsakiya, ya sake farawa. Da ya zo ƙarshen layi idonsa ya faɗa kan Alhaji Mu'awiya. Alhaji ba fuskarsa yake kallo ba, hannunsa yake kallo: fararen akwatuna biyu, irin wanda aka nuna masa ɗazu a kan ƙwan zaure, da siminti manne a bayansu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi famfo, ya dubi aljihun rigar Hayatu. Ya jawo takalmansa da laka ta ɓata, ya sa su haka nan ba tare da ya kaɗe ba, ya ce wa direbansa ya tayar da mota, hanya na da nisa.

Hayatu bai raka shi ba. Ya koma ciki. Inna na nan yadda ya bar ta, sai dai hannun ya ƙara rawa, ta sauya ƙafar da take dogarawa.

"Goma sha ɗaya, Inna," ya ce, kansa a ƙasa. "Ki bari in riƙe miki. Don girman Allah ki bari ni in riƙe."

Ta gyara tsayuwa a kan turmin, ta ƙara danna yatsa.

"Ramlatu," ta ce, "riƙe turmin da kyau."